"A Gidansu Akwai Hauka": Me Jini Ke Ɗauka, Me Ba Ya Ɗauka?

Kafin a kai kuɗin gaisuwa a Lafagu, kamar dai a Illo da Ka'oje da sauran garuruwan ƙasar Bagudo, akwai aikin da ake yi ba tare da shela ba. A kan tura kawu ko gwaggo, ko wani dattijo mai riƙe baki, ya je ya shinshino labarin gidan da za a haɗa jini da su. Tambayoyin tun na kaka da kakanni ne: su waye asalinsu, akwai kuturta, akwai farfaɗiya, akwai hauka? Kuturta ta fara fita daga lissafi tunda aka gane ƙwayar cuta ce kuma tana jin magani. Sikila ta shigo, ita kuwa da takardarta a hannu: a ɗebi jini, a ce wannan AA, wancan AS, magana ta ƙare. A Kano ma tun 2024 gwajin ya zama doka kafin a ɗaura aure. Hauka ce kawai ta rage a hannun raɗa. Kalma ɗaya daga bakin maƙwabciya, "ai kakarsu a turu ta mutu", ta isa ta rusa auren da aka shekara ana shiri.

To, tsofaffin nan da gaskiyarsu? Suna da rabi. Rabin da ya kuɓuce musu kuwa shi ne ya fi cutar da mutane.

Abin da muke tarawa mu kira hauka ko taɓin hankali, likitoci sun rarraba shi. Wanda ya shafe mu a nan shi ne nau'in da mutum ke rabuwa da zahiri: ya ji muryoyi suna zaginsa alhali ba kowa, ya haƙiƙance ana bin sa ko an sa masa guba a tuwo, zancensa ya tarwatse, ya daina wanka, ya janye daga mutane. Mafi tsananinsa shi ne sikizofireniya, wadda kan fara tsakanin ƙarshen ƙuruciya da shekara 30, maza kuma kan riga mata. Akwai kuma ciwon da ke ɗaga mutum sama ya kwana bakwai ba barci yana rabon dukiyarsa, sannan ya jefa shi cikin baƙin ciki mai nauyi, da ruɗewar da kan kama mace 1 ko 2 cikin 1,000 a kwanakin jego. A 2022 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta masu sikizofireniya da miliyan 24, wato mutum 1 cikin 300. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar Bagudo mutum sama da 230,000. Ko da wannan tsohon adadi aka yi lissafi, ana maganar mutum kusan 800 ke nan tsakanin Zagga da Lolo da Tsamiya. 'Yan kaɗan ne daga cikinsu ke yawo a kasuwa da tsumma. Sauran suna ɗakunan baya.

Cewa abin yana bin jini, wannan ba a ja. Gardamar da aka daɗe ana yi ita ce ko jini ne ko tarbiyya, tunda ɗan da ya tashi a hannun uwa marar lafiya ya gaji jininta kuma ya sha wahalar renonta. Wani likita a Amurka, Leonard Heston, ya raba gardamar a 1966. Ya bi sawun yara 47 da uwayensu mata suka haifa suna kwance a asibitin masu taɓin hankali a jihar Oregon, aka ɗauke su tun suna jarirai aka rene su a wani wuri. Da suka girma, 5 sun kamu. Cikin yara 50 da aka kwatanta su da su, waɗanda su ma ba iyayensu suka rene su ba amma uwayensu lafiyayyu ne, ko ɗaya bai kamu ba. Ba nono ba ne, ba kuma zaman gida ɗaya ba.

Tagwaye suka ƙara fito da abin. Hassan da Hussaini masu kama ɗaya, da suka fito daga ƙwai guda, kusan duk abin da suka gada iri ɗaya ne. Tagwayen da ba su kama kuwa kamar wa da ƙane suke. Wani bincike a Denmark da aka buga a 2018, a kan tagwaye sama da 31,000, ya nuna idan ɗaya ya kamu, ɗan'uwansa mai kama da shi kan kamu a kashi 33 cikin 100, marar kama kuwa a kashi 7. Tazarar nan aikin gado ce. Amma a juya adadin a gani: mutum biyu, jini ɗaya, ciki ɗaya, gida ɗaya, kuma sau biyu cikin uku ɗayan ya rayu lafiya lau. Da gado hukunci ne, da babu Hussainin da zai tsira.

Ƙididdigar da Irving Gottesman ya tattara a 1991 daga binciken iyalai a Turai ita ce har yau ake fara koya wa ɗalibai. A cikin jama'a, kusan 1 cikin 100 kan kamu a tsawon rayuwa. Ɗan kawu ko ɗan gwaggon marar lafiya, 2. Jika, 5. Wa ko ƙane, 9. Ɗan da ɗaya daga iyayensa ke da ciwon, 13. Sai idan uwa da uba duka suna da shi ne adadin ke tashi zuwa 46. Yarinyar da aka fasa aurenta saboda kakarta, ke nan, tana cikin rukunin da 95 cikin 100 ba abin da zai same su, 'ya'yanta kuma sun ƙara nisa da taki guda. Ga kuma abin da gwaggo mai bincike ba ta sani ba: mafi yawan waɗanda suka kamu ba su da uwa ko uba ko ɗan'uwa mai ciwon. Daga gidajen da aka bincika aka ce "tsaf suke" suka fito.

Dalilin haka yana cikin yadda gadon yake. Sikila kuskure ne a wuri guda tak cikin saƙon halittar da ke jikin mutum, wanda ake kira DNA, saƙo mai harafi kusan biliyan 3. Shi ya sa gwaji ɗaya ke kama ta. Masana sun shafe shekaru suna neman irin wannan wuri guda na hauka. Sukan yi shelar sun samu, bayan shekara biyu wasu su gwada su ga ba haka ba. Sai da suka haɗa kai a ƙasashe da yawa suka tara jinin dubban mutane sannan hoton ya fito. A 2014 suka gano wurare 108 masu alaƙa da sikizofireniya. A 2022, da marasa lafiya 76,755 da lafiyayyu sama da 243,000, wuraren suka kai 287, kuma an tabbata akwai wasu dubbai da ba a kai ga tantancewa ba. Kowane ɗaya, shi kaɗai, ɗan abin da yake ƙarawa bai taka kara ya karya ba. Mafi muhimmanci, waɗannan bambance-bambance ba baƙi ba ne. Suna jikin liman, suna jikin hakimi, suna jikin mai wannan rubutu da mai karanta shi. Kowa ya ɗebi rabonsa. Wani da yawa, wani kaɗan.

Duk wanda ya taɓa tsallaka kogin Kwara ranar kasuwa ya san kwalekwale biyu kan tashi tare, ɗaya ruwa ya kusa bakinsa saboda lodi, ɗayan da sauran sarari. Idan kogi ya kwanta, duka su kai gaci. Idan iska ta taso, mai lodi ne zai fara shan ruwa, idan kuma ta yi tsanani ko marar lodin ba shi da tabbas. Lodin shi ake gado. Iskar daga baya take zuwa.

Akwai 'yan wurare da suka fi sauran nauyi, kuma su ne suka fara nuna abin da ke faruwa a ƙwaƙwalwa. Ɗaya ana kiransa C4. Aikinsa na asali yana cikin garkuwar jiki, amma a 2016 masu bincike a Jami'ar Harvard suka nuna yana da hannu a sassaben da ƙwaƙwalwa ke yi wa kanta lokacin balaga, inda take yanke mahaɗan jijiyoyin da ba ta buƙata. Wanda ya gaji nau'in C4 mai yawan aiki, sassaben kan wuce gona da iri. Wannan na iya zama dalilin da ya sa yaro zai tashi da hankalinsa da karatunsa, sai ya kai 18 ko 20 abu ya juye, mutane su ce an yi masa sammu don an ga zai zama wani abu. Akwai kuma wani guntu da kan ɓace daga tsarin halittar jariri 1 cikin kimanin 4,000, wanda likitoci ke kira 22q11; kusan 1 cikin 4 na masu wannan kan kamu. Galibinsu ba daga uwa ko uba suka karɓo ɓatan ba, a kansu ya fara. Binciken asali, komai zurfinsa, ba zai hango wannan ba.

Sai dai taswirar gadon nan da ake alfahari da ita, ba da mu aka zana ta ba. Wani nazari na 2019 ya nuna kusan kashi 79 cikin 100 na mutanen da aka yi irin waɗannan bincike a kansu 'yan asalin Turai ne, alhali ba su wuce kashi 16 na mutanen duniya ba. Abin haushin shi ne Afirka ce ta fi ko'ina yawan bambancin halitta, domin a nan ɗan Adam ya fi daɗewa. Waɗanda suka fita suka cika sauran duniya wani yanki kawai suka ɗauka. A 2020 shirin H3Africa ya karanta saƙon halittar mutum 426 kacal daga ƙabilu 50, ciki har da Berom na Filato da mutanen Benin, ya samu bambance-bambance sama da miliyan 3 da ba a taɓa rubutawa ba. Sakamakon haka, ma'aunin da aka gina da jinin Turawa don auna yawan lodin da mutum ya gada, idan aka ɗora shi a kan Ba'afirke, ƙarfin hasashensa kan faɗi warwas. Ko a Turan ma bai isa a yanke wa mutum guda hukunci da shi ba.

A yi tunanin wannan a ƙasar Bagudo. Illo tsohon zango ne a hanyar fataken goro zuwa Gwanja, inda ake tsallaka kogi a nufi Borgu. Hausawa da Fulani da Dandawa da Zabarmawa da Kyangawa da Busawa sun yi ɗaruruwan shekaru suna auratayya a nan, kuma iyakar da Ingila da Faransa suka ja ba ta hana ɗan Lolo auro 'yar Malanbil, ko ɗan Tsamiya auro 'yar Segbana a ƙasar Benin ba. Fulani su kaɗai an san suna da abubuwan da suka bambanta su da maƙwabtansu: binciken da aka yi a Burkina Faso a 1996 ya nuna sun fi jure zazzaɓin cizon sauro, kuma da yawansu na narkar da madara har tsufa. Manyan binciken gadon taɓin hankali da aka yi a nahiyar kuwa can nesa aka yi su: na ƙabilar Kosa a Afirka ta Kudu, da aka buga a 2020 da marasa lafiya kimanin 900, da wani mai suna NeuroGAP da ya tara mutum wajen 40,000 a Habasha da Kenya da Uganda da Afirka ta Kudu. Babu ƙasar Afirka ta Yamma ko ɗaya a ciki. Na Kosa ya nuna hanyoyin ƙwaƙwalwar da ciwon ke taɓawa iri ɗaya ne da na sauran mutane, wanda ya isa ya kashe zancen cewa wata ƙabila ce ke da hauka. Amma duk wanda ya zo Birnin Kebbi gobe da na'ura ya ce zai gwada wa ango da amarya hauka kamar yadda ake gwada sikila, a riƙe aljihu.

Tambayoyi biyu ne suka fi kusa da gida, kuma ba a son yin su. Ta farko auren zumunci. Ɗan wa da 'yar ƙane sun haɗa kaka, don haka abin da kakan ya ɗauka yana iya haɗuwa a jikin ɗansu ta hanya biyu. A Ireland ta Arewa an duba bayanan mutum sama da 360,000 a 2018, aka ga 'ya'yan irin wannan aure sun ninka sauran sau 2 wajen karɓar maganin taɓin hankali. Wasu binciken sun ga alama irin wannan, wasu ba su gani ba. A ganina abin da hankali zai ɗauka shi ne: auren zumunci ba shi ke ƙirƙiro ciwon ba, amma gidan da ciwon ya riga ya bayyana a mutum biyu ko uku, gara su aurar waje. Abin ban takaici, akasin haka ake yi. Da zarar an yi wa gida tambari, bare ya guje su, sai su koma rufa wa juna asiri, 'yar gida ta auri ɗan gida. Tsangwamar da aka yi don gudun gado ita ke tattara shi wuri guda.

Ta biyu shekarun uba. Namiji na ci gaba da sarrafa maniyyi har tsufa, kuma kowace shekara ana samun ƙarin sababbin kurakurai kamar 2 a abin da zai miƙa wa ɗansa, kamar yadda aka auna a Iceland a 2012. Wani bincike a birnin Ƙudus a 2001 ya samu 'ya'yan mazan da suka haura 50 sun kusa ninka 'ya'yan 'yan ƙasa da 25 sau 3 a kamuwa. Har yanzu ana muhawara kan dalilin, kuma mafi yawan 'ya'yan tsufa lafiyarsu ƙalau. Na kawo shi ne don ban taɓa jin an tura gwaggo ta binciko shekarun Alhajin da zai ƙara ta huɗu ba. Idon bincike kullum a kan dangin amarya yake.

Abin da ke zuwa bayan haihuwa, ko kafin ta, nan ne hannunmu ke kaiwa. Yunwar mai ciki tana ciki: 'ya'yan da aka ɗauki cikinsu a tsakiyar yunwar Holan ta 1944 zuwa 1945, da ta Sin ta 1959 zuwa 1961, sun ninka sauran sau 2 a kamuwa. Doguwar naƙuda da ke hana jariri iska tana ciki, haka cututtukan da ke taɓa ƙwaƙwalwar yaro irin su sanƙarau, haka duka da wulaƙanci a ƙuruciya. Sai wiwi. A Sweden an bi samari 45,570 da aka ɗauka aikin soja har shekara 15, aka buga sakamakon a 1987: waɗanda suka sha fiye da sau 50 sun ninka marasa sha sau 6. Binciken 2019 a biranen Turai da Brazil ya samu mai sha kullum ya ninka sau 3, mai shan nau'i mai ƙarfi kullum kusan sau 5. Ƙididdigar shan ƙwaya ta Najeriya ta 2018 ta ce mutum miliyan 10.6 ke shan wiwi. Garin kan iyaka kuwa ba ya buƙatar a gaya masa abin da babura ke shigowa da shi ta hanyoyin daji, daga taramol zuwa abin da ba a san sunansa ba. Samari biyar za su zauna a majalisa ɗaya su sha abu ɗaya, huɗu su tashi su tafi gona, na biyar ya fara jin murya. Abokansa su ce kansa ne ba ƙarfi, kuma ba su yi nisa da gaskiya ba. Saurayin da ya san akwai ciwon a danginsa, wannan sanin amfaninsa ke nan: abin da wasu za su sha su kwana lafiya, shi ba nasa ba ne. Amma ta ina zai sani, tunda an ɓoye masa cewa baffan da aka ce ya tafi Gwanja bai dawo ba a ɗakin baya ya ƙare?

Ba na cikin masu ganin sai an kori malam da mai ruƙiyya kafin likita ya shigo. Iyali za su ci gaba da cewa iska ce, kuma wurin malam za su fara zuwa, ko an so ko an ƙi. Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya gane haka tun 1954, lokacin da ya zaunar da marasa lafiya da danginsu a ƙauyukan Aro kusa da Abeokuta, ya yi aiki da masu maganin gargajiya. Farfesa Oye Gureje da abokan aikinsa sun gwada haɗin gwiwar a Ibadan da Kumasi, suka buga a 2020: inda ma'aikacin lafiya ke kai magani wurin mai maganin gargajiya ko na addu'a, marasa lafiya sun fi samun sauƙi. Grégoire Ahongbonon, wanda tsohon mai facin taya ne, ya kafa ƙungiyar Saint Camille da ke kwance mutane daga mari, tana da cibiyoyi a tsallaken iyaka, a Avrankou da Bohicon da Jugu. Abin da ba shi da kariya shi ne turu da bulala da horon yunwa. Sai a Janairun 2023 aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa ta Najeriya, wadda ta maye gurbin dokar mahaukata ta 1958.

Kada kuma a ɗauka masu ilimin zamani ba su taɓa yin nasu binciken asalin ba. Ernst Rüdin, wanda ya fara ƙididdigar gadon wannan ciwo a Jamus a 1916, yana cikin waɗanda suka tsara dokar 1933 da aka dandaƙe mutum kusan 400,000 da ita, kafin a kashe marasa lafiya sama da 70,000 tsakanin 1940 da 1941. Ciwon bai ɓace daga Jamus ba. Ba zai ɓace ba, tunda abin da ke kawo shi yana warwatse a jikin lafiyayyu.

Inda bambancin halittarmu ya fi taɓa marar lafiya a yau ba wajen aure ba ne, wajen magani ne. Tun da aka fara amfani da maganin lagatil a Faris a 1952, ciwon ya zama abin da ake iya riƙewa. Da yawa sukan koma gona da kasuwa su riƙe iyali. Kusan 1 cikin 3 ne magungunan farko ba sa yi wa aiki, kuma su akwai wani mai suna kulozafin, wanda sai ana auna fararen ƙwayoyin jini saboda yakan rage su. Kusan duk mutanen Afirka ta Yamma suna da wani gado da ake kira rashin Dafi, wanda ya kare kakanninmu daga wani nau'in zazzaɓin sauro, kuma yana sa adadin waɗannan ƙwayoyin ya zauna ƙasa ba tare da wata illa ba. Da aka auna mu da ma'aunin Turawa, sai aka riƙa hana baƙaƙen fata maganin da ya fi yi musu aiki. Amurka ba ta gyara ƙa'idar ba sai 2015. Haka kuma a 1996 wani masani ɗan Zimbabwe, Collen Masimirembwa, ya bayyana wani nau'in sinadarin hanta da ya yawaita a Afirka, mai jinkirin narkar da magunguna irin su halofiridol. Mai wannan gado, adadin da aka rubuta a littafi na iya yi masa yawa: wuya ya sanƙare, hannu ya yi rawa, miyau ya zuba. Dangi su ce maganin asibiti ya mayar da shi dolo, su watsar su koma turu.

Gyaran wannan ba ya buƙatar na'urar karanta halitta. A fara da kaɗan, a dawo bayan mako biyu a duba, a rage ko a sauya. Matsalar ita ce dawowar. Likitocin ƙwaƙwalwa a duk Najeriya ba su kai 300 ba, babban asibitin tarayya na wannan fanni mafi kusa da Lafagu kuma yana Kware, bayan Sakkwato, tafiyar sa'o'i masu yawa da kuɗin motar mutum uku, domin marar lafiya ba ya tafiya shi kaɗai. Tun 2008 Hukumar Lafiya ta Duniya ta fito da tsarin horar da ma'aikatan ƙananan asibitoci su gane ciwon, su fara magani, su yi allurar wata-wata, su tura mai tsanani gaba. Mazaɓu 11 ne a Bagudo. Ma'aikaci ɗaya da aka horar a kowace, da maganin da ba ya yankewa a kanta, shi ne abin da ya kamata a tambayi shugaban ƙaramar hukuma da kwamishinan lafiya a Birnin Kebbi.